Na Gyara Masa Jita

Shekara ashirin da bakwai ina aikin kafinta, kuma ban taɓa mayar wa mutum kayansa suna girgiɗi ba. Kujera ce, ƙofa ce, gadon yara ne, duk abin da ya shigo shagona da tsaga ko sassauci sai na toshe shi na ɗaure shi tam kafin ya fita. Mutanen layinmu sun san ni da haka. Har tsiya suke yi mini, wai idan na ɗaure kujera sai gidan ya rushe ita tana nan tsaye.

Ɗana na fari Dogo muke ce masa, don tun yana shekara goma sha huɗu sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shago. Yanzu shekarunsa ashirin da huɗu. Ni na koya masa riƙon zarto, kuma ba don ɗana ba ne, hannunsa ya fi nawa sanin katako. Shekara biyu da suka wuce ya ajiye kayan aiki ya ce shi waƙa zai yi. Ya haɗu da wani dattijo mai kaɗa jita, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana yawon waƙa a ƙananan wurare, shi ya ɗauke masa hankali. Ranar da ya faɗa mini a bakin shago muke, maƙwabta suna zaune. Na ce masa ni ban haifi maroƙi ba. Ya zare fensir daga bayan kunnensa, ya ajiye a kan benci, ya tafi gida.

Tun daga ranar abin da ke tsakaninmu bai wuce "Ina kwana, Baba" da "Lafiya lau" ba. Gida ɗaya muke kwana. Da rana yana aiki a wani shagon buga takardu, da yamma ya rataya jitarsa ya tafi wurin abokansa biyu, wata yarinya mai busa sarewa da wani mai ɗan ganga. Dattijon ya rasu bara, jitarsa ce ma ya bar wa Dogo. Ban je gaisuwa ba.

Wata safiya ina ɗaura takalmi mahaifiyarsa ta tsaya a kaina.

"Baban Dogo, ka ji abin da yaronka ya ce?"

"Da ni yake magana da zan ji?"

"Ƙarshen watan gobe za su shiga situdiyo su ɗauki waƙoƙinsu. Ya ce daga nan zai kama ɗaki tare da abokinsa mai ganga. Sai dai in wani abu ya sauya."

"Wane abu?"

"Kai ma ka sani."

"Ɗakin a ina yake? Ƙofarsa mai kyau ce? Tagar fa, da ƙarfe?"

"Ga shi can bai fita ba tukuna. Taku biyar ne daga nan. Je ka tambaye shi."

Na ɗaura ɗaya takalmin na fita.

Ni mutum ne mai fargaba, ba na ɓoyewa. Idan yaro ya yi jinkirin minti goma, a raina na riga na je asibiti uku ina nemansa. Dogo kuwa irin yaran nan ne da zazzaɓi zai ci su kwana uku ba su faɗa ba, sai dai ka gane daga yadda ya rage abinci. In ya bar gidan, wa zai duba kwanonsa? Kuma na san irin fitar da zai yi. Akwai fitar yaron da ya girma, wanda zai riƙa leƙowa ranar hutu yana cinye abin da ke tukunya. Tasa fitar wanda ya gaji ce. Mako shida suka rage mini, in ban yi wani abu ba na rasa shi.

Bango ɗaya ya raba shagona da na Mai Walda. Sa'ana ne, tare muka kama haya a layin, kuma bakinsa ya fi wutar waldarsa zafi. Duk ranar da aka ɗauke wuta ba shi da aiki, sai ya miƙe a kan benci ya haɗa wayarsa da wata 'yar sifika ya cika mana kunne. A da ba na kula. A makon nan ne, ina goge ƙafar wani tebur, na ji wata mace tana waƙa ba kiɗa ba komai sai ƙarar taka keken ɗinki. Tana ba da labarin keken mahaifiyarta da aka sayar, da yadda take gane ƙararsa duk lokacin da ta wuce ƙofar gidan da ya koma. Na ajiye samfefa, takardar da nake gugar katakon da ita, na leƙa.

"Wace ce wannan kuma?"

"Ba ka san ta ba, Injiniyan Kujera. Ba wanda ya san ta. Shi ya sa take da daɗi."

"A rediyo ka samo?"

"Wane rediyo? Waɗannan ba su da kamfani, ba su da ubangida. Su rubuta, su rera, su ɗauka a ɗakin kwanansu, su ɗora a intanet. In ka kasa kunne har zakaran maƙwabta za ka ji yana taya su. Zauna, kujerar nan ba kai ka yi ta ba, ba za ta ƙosa ka da ƙarfi ba."

Na zauna. Ya sa mini wasu 'yan'uwa uku masu waƙa da tafi da ƙwarya, suna waƙar gadar garinsu da kowace damina ruwa ke ɗaukewa a sake yi musu alkawari. Ya sa mini wani saurayi mai muryar tsofaffi, yana waƙar zaman jira a barandar asibiti, har da bencin da ke da sanyi da ma'aikaciyar da ba ta ɗaga kai. Ni karatuna bai yi nisa ba, kuma a sanina waƙa ko dai ta yabon mai hali ce ko ta soyayya. Ban san ana yi wa keken ɗinki waƙa ba. Teburin nan ban gama shi ranar ba.

Kwana uku bayan haka aka sake ɗauke wuta. Mai Walda ya ƙwanƙwasa bango.

"Zo ka ji wani sabon yaro. Ɗan wani mugun tsoho ne."

Tun kafin ya furta kalma na gane shi, daga yadda ya ja numfashi. Dogo ne. Jita, sai sarewa can ƙasa-ƙasa, sai muryarsa. Waƙar wani mutum ce da ke raka ɗansa tashar mota. Ba ya rungumar yaron, ba ya ɗaga masa hannu. Sai dai ya zagaya bayan motar ya rubuta lambarta a tafin hannunsa da fensir, ya tsaya har ta ɓace. Ni ne. Haka nake yi tun yana makarantar kwana, kuma ban taɓa sanin yana kallona ta taga ba. Bai zage ni a waƙar ba, bai kuma yabe ni ba. Ya dai ajiye ni a tsakiyarta yadda nake.

"Mutum nawa suka ji wannan?" na tambaya.

"Ga shi a ƙasa. Dubu biyu da wani abu. Duk sun san kana rubutu a hannu kamar ɗan firamare."

Na ci gaba da saurare. Amma kunnen kafinta ba ya hutu. A ƙarƙashin muryar yaron, duk lokacin da ya taɓa tsirkiya mai kauri, sai in ji wani ɗan zizi kamar ƙudan zuma a cikin kwalba. Na san wannan ƙarar. Ƙarar katakon da ya tsage ce, ko wani abu da ya kwance yake rawa. Kunya ta kama ni. Ɗan kafinta yana waƙa a gaban mutum dubu biyu da fasasshen katako.

Mai Walda ya zuba mini waƙoƙin a wayata, ya ba ni tsohon abin sauraronsa na kunne wanda gefe ɗaya kawai ke aiki. Makonnin da suka biyo baya da su nake aiki. Na fara gane su ɗaya bayan ɗaya. Mai keken ɗinki ta fitar da wata sabuwa a kan ƙanwarta, ban so ta kamar ta farko ba, har muka yi gardama da Mai Walda. 'Yan'uwan nan uku na lura ƙaraminsu yana riga sauran shiga, kullum. Na gano wata ƙungiya ta mata masu aikin shara da ke waƙa da tsintsiya da bokiti, ni na kai wa Mai Walda su, ya ce, "Lallai ɗalibi ya fara cizon malami." Amma duk inda na zaga sai na koma kan waƙoƙin Dogo guda biyar. Na haddace su. A kowace ɗaya zizin nan yana nan, yana sukan kunnena.

Wata yamma mahaifiyarsa ta kama ni ina gunguni a bakin famfo.

"Waƙar wa kake yi?"

"Ba waƙa nake ba. Maƙogwarona nake gyarawa."

"To ka je ka faɗa masa maƙogwaronka yana son waƙarsa. Kalma huɗu ce, Baban Dogo. Ba za ka mutu ba."

Na gwada. Sau biyu na gwada. Na farko muka yi kiciɓis a ƙofar falo, na ce, "Dogo." Ya ce, "Na'am, Baba." Ya tsaya yana jira, kansa a ƙasa. Na ji bakina ya ce, "Ka riƙa kashe fitilar banɗaki." Na biyu ma ban kai ga kiran sunansa ba. Sai na yanke shawara cewa abin da bakina ya kasa, hannuna zai yi. Zan gyara masa jitar kafin ranar situdiyo. Zai buɗe ta ya ga aikin, ya san na ji, ya san na yarda. A raina har na ga yadda zai ɗago ya dube ni.

A makon ɗaukar waƙar surukata ta aiko tana bukatar maganinta, a wani gari mai tafiyar rabin yini. Ni na ce a aiki Dogo. Ya nemi izini a wurin aiki, ya tafi ranar Talata da safe zai dawo Juma'a, Asabar su shiga situdiyo. Bai tafi da jitar ba saboda cunkoson mota da ruwan sama. Ya ɗora ta a kan kabad ɗin ɗakinsa cikin jakarta.

Ina fitowa da ita matata ta tare hanya.

"Mayar masa da kayansa."

"Gyara zan yi."

"Ya ce a gyara?"

"Ƙofar kicin ɗinki sai kin ce nake gyarawa?"

"Ƙofar kicin tawa ce, kuma ba ta waƙa."

Na ratse ta na wuce.

A shago na share benci, na shimfiɗa tsohon bargo, na kwantar da ita. Na sassauta tsirkiyoyin na cire, na rataye kowace a kan ƙusa na rubuta lamba a ƙasa don kada in rikita su. Sannan na duba ta a haske. Tsagar na nan, daga bakin ramin tsakiya ta gangara kusan tsawon yatsa biyu. Na danna fuskar jitar da babban yatsa, sai na ji ta lotsa. Katakon siriri ne kamar kwali. Na ce a raina, wane maras tsoron Allah ne ya yi wannan aikin, ya yi wa mutane rowar katako? Inda hannu ke gogawa fentin ya cinye har itacen ya yi baƙi. Bayanta kuwa duk zane ne na wuƙa, ƙananan layuka a jere, kamar aikin yaro marar abin yi.

Da na girgiza ta na ji abu yana motsi a ciki. Na zura hannu na laluba, sai ga wani ɗan siririn gutsuren gwangwani, bai fi faɗin farce biyu ba, an huda shi an rataye da zare, yana kwance a jikin katakon. Ya yi tsatsa. Na ce, to ga ɓarawon. Na tsinke zaren na jefa shi cikin buhun garin katako.

Ban taɓa yin aiki da natsuwa irin ta kwanakin nan uku ba. Na ƙi karɓar aikin kowa. Na yanka wani katako mai kyau da na daɗe ina ɓoyewa, na fere shi daidai, na shafa gam na manna shi ta ciki a ƙarƙashin fuskar, daga wannan gefe zuwa wancan, don kada ta ƙara lotsawa. Na kwaɓa garin katako mai laushi da gam na cike tsagar. Da ya bushe na bi jikinta duka da samfefa, mai kaushi sannan mai laushi, har baƙin nan ya fita, har zanen wuƙar ya ɓace, bayanta ya yi sumul kamar kuncin jariri. Sannan man ƙyalli. Shafi ɗaya, in jira ya sha iska, in goge, in sake. Sau uku.

Ranar Alhamis Mai Walda ya shigo yana goge hannu. Ya tsaya yana kallo.

"Yaya ka gani?" na ce.

"Tana ƙyalli kamar teburin manaja." Ya sunkuya ya leƙa ramin. "Ka tambaye shi kuwa?"

"Ana tambayar mutum kafin a yi masa alheri?"

"Ni dai ƙarfe na sani. Amma abin nan ba kujera ba ce, Injiniya. Ba zama ake yi a kai ba."

"Katako katako ne."

Ya ɗaga kafaɗa ya koma shagonsa. Ranar bai kunna sifika ba.

Juma'a da hantsi na mayar da tsirkiyoyin, na sa ta a jaka, na ajiye a kan teburin falo. Na yi wanka na sa riga mai kyau na zauna. Dogo ya iso bayan azahar, ƙafafunsa duk taɓo. Ya gaishe mu, ya ba mahaifiyarsa saƙon kakarsa, sannan idonsa ya faɗa kan jakar.

"Wa ya sauko da ita?"

"Buɗe ka gani," na ce.

Ya buɗe. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗago ta a hankali ya juya bayanta, ya shafa da tafin hannu, sama da ƙasa, kamar mai neman wani abu a cikin duhu.

"Baba, kai ka yi wannan?"

"Ni na yi. Tsagar ta yi nisa. Da ka bar ta, damina ɗaya za ta raba ta biyu."

Ya zauna a hannun kujera ya ɗora ta a cinya. Ya murɗa maɗaurin tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Sannan ya sauke hannu a kansu duka.

Ko ni da ba makaɗi ba na ji. Sautin da na saba ji a kunnena, wanda ke tashi ya cika wuri ya daɗe yana yawo, yanzu fitowa yake ya faɗi nan take a gaban ƙafarsa, kamar an ƙwanƙwasa ƙofar kabad. Ya sake bugawa. Haka dai.

"Man ne bai gama bushewa ba," na ce. "Zuwa gobe da safe zai saki."

Ya kai ta kusa da kunne ya girgiza. Shiru.

"Ina gwangwanin da ke ciki?"

"Na cire shi. Shi ne ke ta yi maka ƙara a waƙa."

"Tsoho ne ya rataye shi da hannunsa." Tsoho yake kiran dattijon. Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi mini sauƙi. "Shekara talatin yana ciki. Ya ce sai da ya gwada guda ashirin kafin ya sami wanda ya yi masa. Don wannan zizin mutane ke gane mu." Ya zura yatsu cikin ramin ya taɓo katakon da na manna. Ya rufe ido. "Fuskar jita dole ta zama siririya, Baba. Ita ce ke rawa ta ba da sauti. Ka ɗaure ta."

"Zan iya cirewa."

"Zanen baya fa? Shi ma za ka iya mayarwa? Kowane layi gari ne da ya je ya yi waƙa. Uku na ƙarshe nawa ne. Shi ya miƙo mini wuƙar."

Mahaifiyarsa tana tsaye a ƙofar kicin, ta toshe baki da gefen mayafi. Sai maganar da na kasa yi mako shida ta fito da kanta, a lokacin da ba ta da sauran amfani.

"Na ji waƙoƙinka, Dogo. Duka biyar ɗin. Ta tashar mota na ji ta ya fi sau ɗari."

Ya ɗago ya dube ni. Rabon da ya dube ni ido cikin ido shekara biyu ke nan.

"Ka ji ta?"

"Na ji."

"Sau ɗari." Ya gyaɗa kai a hankali. "Kuma abin da ka jiyo a ciki ke nan. Abin gyara."

Ya mayar da jitar cikin jaka, ya ja zif, ya shiga ɗakinsa ya fara kiran waya yana neman aron wata.

Na fita da rigata mai kyau na nufi shago da sauri. Buhun garin katakon babu. Akwai wata mata mai kiwon kaji da ke zuwa kwasa duk Alhamis, tana shimfiɗa wa kajinta. Na san gidan, can ƙarshen unguwa. Na same ta ta riga ta baza shi a ɗakin kajin. Na roƙe ta rariya, na durƙusa a cikin kashin kaji ina tankaɗe, kajin suna tsattsagar ƙafata.

"Kafinta, zinare ka yar ne?" ta tambaya daga bakin ƙofa.

"Ɗan gwangwani ne. Mai tsatsa, da zare."

"Gwangwani? Ga su can fal a bola, ɗebi ko nawa kake so."

Na tankaɗe ɗakin kusurwa zuwa kusurwa har rana ta yi sanyi. Na sami ƙusoshi, na sami maɓallin riga, ban same shi ba. Na dawo shago ina wari. Mai Walda bai yi mini tsiya ba, wannan ma ya ƙara mini ciwo. Ya ɗauko gwangwanin madara ya yanka mini guda biyar, kowane da faɗinsa, ya huda su. Na kai gida a aljihu. Dogo ya riga ya fita gwaji da wata jita da wani malamin makaranta ya ara masa. Na jera su a kan teburinsa. Da safe suna nan yadda na jera su.

Sun ɗauki waƙoƙinsu ranar Asabar. Litinin ina shago ya tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa. Bai shigo ba.

"Baba, na tafi."

"Jitar fa? Na ga ka bar ta a falo."

"A bar ta nan. Ko ina aka ajiye ta yanzu ba abin da zai same ta."

Ina da tambayoyi cike da baki, na ƙofa da taga da ruwan sha da wanda zai san in ba shi da lafiya. Na ce, "Allah ya tsare." Ya ce amin. Ya leƙa ya yi wa Mai Walda sallama, suka yi musabaha, ya tafi.

A makon na ɗauko jitar na gwada cire katakon da na manna. Na jiƙa, na ɗumama, na sa siririyar wuƙa ina bi a hankali. Ya taso, amma ya taso da naman fuskar a jikinsa. Na tsaya. Na rufe ta da bargo na tura ƙarƙashin benci.

Bayan wata ɗaya waƙoƙin suka fito, guda tara. Mai Walda bai sa su a sifika ba, ya turo mini kawai. Na saurara ni kaɗai da ƙofar shago a rufe. Suna da kyau. Sautin tas, ba ƙura ko ɗaya. Na gangara ƙasa inda mutane ke rubuta ra'ayinsu ina karantawa da yatsa. Wani ya rubuta cewa waƙoƙin sun yi, amma ina zizin nan na da, wanda ke sa ka ji kamar a ɗakinku ake yi? Mutum goma sha ɗaya suka goyi bayansa. A ƙasa Dogo ya ba shi amsa, layi ɗaya: "Jitar ta lalace." Bai ce wa ya lalata ta ba.

Yana kiran mahaifiyarsa duk Juma'a da yamma. Ta wurinta na san ɗakin yana hawa na biyu, kuma ya yi mura ya warke. Makon jiya na dawo gida na tarar suna magana, tana dariya. Da ta gan ni ta ce, "Ga ma babanka ya shigo, bari in ba shi." Na goge hannuwana a jikin wando na miƙa. Wayar tana da ƙara, na ji shi sarai.

"Ki gaishe shi, Mama. Ana jirana."

Ta sauke wayar daga kunne ta duba fuskarta, ta kife ta a cinya.

"Yana gaishe ka," ta ce.

"Ina amsawa," na ce, na janye hannuna.